Gwaggo Ta Ce Ba Za Ta Haɗiyi Kyamara Ba

Hajiya, ki agaza mini, Gwaggona ta fi ƙarfina.

Gwaggo Ikilima ce ta raine ni a Kurfi, yanzu tana wurina a Dutsin-Ma. Shekarun baya an yi mata aikin ciwon daji a mama, ta samu sauƙi har ta koma sana'arta ta suyar kifin madatsar ruwan Zobe. To tun bayan Sallah abinci ke tsaya mata a ƙirji. Matar da ke tashi da malmala uku, yau sai koko, shi ma tsinkakke. Zanenta har ya yi mata yawa.

Likita a Katsina ya ce yana tsoron ciwon ne ya bazu zuwa hanyar abinci, sai an zura siririn bututu mai kyamara ta baki an leƙa. Gwaggo ta ce ita da hoton katin zaɓe ma sai da aka kai ruwa rana, ba mai ɗaukar hoton cikinta. Wai kifi kaɗai ta sani yana haɗiyar abu da zare a jiki, kuma ta san ƙarshensa. Matata Jannat ta tsegunta mini cewa goron da ta yi wa likita alkawarin bari ne take tsoron a gani. Mun sha dariya. Amma jiya na tarar ta ba Jannat kaskon suyarta, wanda ko aro ba ta bayarwa.

Ƙanena Naziru ya ce mu ce mata wankin maƙogwaro ne kawai. In yi mata ƙarya?

Ɗan Gwaggo, Dutsin-Ma

Ɗana, kada ka soma. Matar da ta ƙi mai hoto, in ta gano wayo aka yi mata, ko ruwa ba za ta ƙara karɓa a hannunka ba. Na fahimci Naziru, sauri yake so, kuma saurin yana da amfani a nan. Amma jikinta ne.

Ka ce mata ba goro likita ke nema ba. Da yunwa ake zuwa, a fesa maganin da ke kashe zafi a maƙogwaro, wani lokaci a ƙara da allurar gyangyaɗi. Aikin ba ya daɗewa, galibi a ranar ake komawa gida. In an ga wani abu, za a ɗan tsinko a auna. Ba duk wahalar haɗiya ce ciwon daji ba, in ma shi ne, akwai dabarun buɗe hanya ta ci abinci.

Kyautar kaskon nan ita ce ainihin maganar, gani take ajali ya matso, sakamakon gwajin take tsoro. Ka zauna da ita ku biyu, ka ce kai ma kana tsoro, kuma ƙafarka ƙafarta har ɗakin likita. Kada makon nan ya wuce ba ku je ba.

Allah ya ba Gwaggo lafiya, ya saka maka da alherin riƙon da kake mata.