Hannuna Ya Kumbura, Bo-ram Kuma Ta Kusa Haihuwa

Mal-sun! Ke Mal-sun, ƙanwata, ina kika shiga ne? Sau biyu ina kiran wayarki ba a ɗauka, sai daga baya na tuna ranarmu a nan darenku ce a can Detroit. Shi ya sa na jawo tsohuwar kwamfutar 'yata Bo-ram ina danna miki da yatsa ɗaya. In kin ga rubutu ya karkace ki yi haƙuri, kin san karatun yayarki bai yi nisa ba.

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki da yara kuna cikin ƙoshin lafiya, shagon wanki da guga kuma yana tafiya. Allah ya tsare ku, ya ƙara muku ƙarfin jiki, ya sa yaran nan su ji ƙanku. Mu nan Yangsan sanyi ya shigo sosai. Baban Bo-ram yana nan lafiya, tumbinsa ne kawai ke ƙaruwa. Yayanmu Pil-gu an yi masa aikin ido, yanzu yana gani tar, matarsa ta ce gara da can, don kullum sai ya nuna mata inda ba ta goge ba a jikin taga.

To bari in faɗa miki abin da ya zaunar da ni, don tun ɗazu kewaye-kewaye nake yi. Kin san ranar goma ga watan sha biyu zan tashi zuwa Toronto, in zauna wa Bo-ram jegonta. Haihuwar fari ce, an ce tsakiyar wata za ta sauka. To hannuna na hagu ya kumbura, Mal-sun, kumburi ba na wasa ba, kuma likita ta ce ƙila ba zan hau jirgi ba. Ran Litinin za ta yanke magana. Yau Alhamis. Bo-ram ba ta sani ba, kuma don Allah kada ki faɗa mata tukuna.

Kar gabanki ya faɗi, ba kansar ce ta dawo ba. Ni ma abin da na fara tambaya ke nan. An ɗauki hoto, an ce babu komai. Shekara shida ke nan da aka yanke min nonon hagu aka kwashe kaluluwar hammata, kuma tun ranar suka ja min kunne: wannan hannun kada ya ɗauki kaya mai nauyi, kada a yi masa allura, ko awon jini kada a ɗaura masa. Shekara shida ina lallaɓa shi kamar jariri. Kowace safiya sai na hau dutsen bayan gidanmu da matan ƙungiyarmu, duk masu irin ciwona, mu takwas, ni ce nake fara isa wajen maɓuɓɓugar ruwa. Ina buga ƙwallon tebur ran Talata da Juma'a. Sai ga shi na ɓata komai a kwana biyu, da hankalina.

Aikin kimchi na shekara ne ya jawo, kabejin nan namu da muke tsumawa da gishiri da barkono mu ajiye na lokacin sanyi. Baban Bo-ram ya ce bana mu sayi na kanti mu huta, na ce masa shi ya ci na kanti, ni 'yata ba za ta fita jego ta tarar da na roba ba, da nawa zan tafi mata. Kabeji tamanin muka yi, mu huɗu, a saman benen maman Tae-ho, maƙwabciyar nan tawa mai babbar murya da kika gani da kika zo. Suna ta ce min Yaya zauna, ke dai ki riƙa ɗanɗana gishiri. Kin san abin da na fi tsana ke nan, a mai da ni kamar kofin tangaran. Tun da na yi ciwon nan kowa ya zama likitana. Wannan ta ce in sha ruwan naman kaza, waccan ta ce kada in ci nama, wata a coci ta riƙe hannuna tana kallona kamar gobe za a binne ni. Sai zuciya ta ɗebe ni, na ce musu wadda ta fi ni ƙarfi ta zo mu gwada. Na yi ta ɗaga bahon kabeji mai ruwan gishiri, tun safe har rana ta karkata. Da yamma zobe ya ƙi fita daga yatsana.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Washegari maman Tae-ho ta shigo kawo min rabona na dafaffen nama, ta ga hannun, ta ce haba Yaya, wannan ai mataccen jini ne ya taru, bari ta ɗauko kofunan ƙahonta. Na ce mata likita ya hana a taɓa hannun nan da allura. Ta ce ai wannan ba allurar asibiti ba ce, ɗan tsaga ne kawai, wai mijinta da bayansa ya riƙe da shi ta tashe shi, likitocin yanzu ban da kallon kwamfuta me suka sani. Mal-sun, ke ma kin san innarmu haka take yi mana, kowane ciwo ƙaho. Ga shi ina son kumburin ya sauka kafin baban Bo-ram ya lura ya fara na-faɗa-miki. Na miƙa mata hannu. Wuri biyar ta tsattsaga ta kafa kofi, jini ya fito baƙi, tana ta murna wai kin gani ko, ga dattin nan yana fita. Ni ma har na ji kamar ya yi sauƙi.

Kwana biyu sai zazzaɓi. Hannun ya yi ja tun daga wuyan hannu har kafaɗa, ya yi zafi kamar an ɗora shi kan murhu, haƙorana na haɗuwa. Kwana biyar na yi a asibiti ana min ƙarin ruwa da magani ta ɗaya hannun. Likitar yarinya ce, ba ta kai Bo-ram ba, amma da ta ga shatin kofuna zagaye-zagaye sai ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce Mama, wa ya yi miki wannan? Na ce ni na yi wa kaina. Ta ce da hannu ɗaya kika kafa kofi a bayan damtse? Ta ce irin wannan ciwon in ya shiga jini yana kashe mutum, wai na tsallake babban rami na zo zan karye a bakin ƙofa. Ban ji haushinta ba, gaskiya ta faɗa. Abin da ya ƙona min rai baban Bo-ram da ke tsaye yana gyaɗa kai kamar shi ya koya mata.

Yanzu ga yadda ake ciki. Likitar ta ce awa goma sha uku a cikin jirgi hannun zai ƙara kumbura, in kuma ciwon ya tashi a can ba ni da likitan da ya san ni. Sharaɗinta biyu: jan ya baje gaba ɗaya, kuma bambancin kaurin hannuwana ya dawo ƙasa da santimita uku. Da aka kwantar da ni bakwai ne. Da aka sallame ni biyar. Ina sa matsattsiyar safar nan tun daga yatsu har hammata, mai ƙaiƙayin tsiya, sai baban Bo-ram ya taya ni ja, yana nishi kamar mai sa wa alade wando. Na jingina hannun kan filo uku, na daina gishiri, na daina hawan dutse, ina jin matan ƙungiya suna wucewa ta ƙarƙashin taga da sandunansu ƙwas-ƙwas, raina na ɓaci. Sau nawa nake awo da tef ɗin ɗinki a rana, ban sani ba. Yau da safe huɗu da rabi. Na matse tef ɗin sosai ya ba ni huɗu, baban Bo-ram ya ce ke maman Bo-ram, kanki kike cuta ko tef ɗin?

Ran Lahadi da Bo-ram ta kira ta bidiyo na yafa babban mayafi, na ce sanyi nake ji. Ta ɗaga riga ta nuna min cikin, ya sauko ƙasa sosai, ƙafafunta sun kumbura. Ta ce Mama saura kwana nawa, ita fa tsoro take ji, kullum sai ta yi mafarkin nakuda ta zo ba kowa. Na ce mata ke banza, tsoron me, ba ga ni nan tafe ba. Da na kashe wayar na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ubanta ya ji ni. Lokacin da ake ɗura min ruwan nan mai zubar da gashi yarinyar nan ta bar karatunta zango guda, ita ke riƙe min roba ina amai. Ranar da ta aske min sauran gashin na ce mata in Allah ya bar ni, ranar haihuwarki ni zan dafa miki miyar ganyen teku da hannuna. Da wannan maganar na haɗiyi abin da ba ya haɗiyuwa.

Mijinta Russell mutumin kirki ne, ban ce ba, amma me ya sani? Uwarsa ta ce wai ita kwana biyu da haihuwa ta tuƙa mota zuwa kasuwa. Ruwan ƙanƙara za su ba ta, Mal-sun, su buɗe mata taga, su ajiye mata ɗanyen ganye a faranti su ce abinci ne. Ke kin fi kowa sani. Da kika haifi Seung-min ke kaɗai a can, ba innarmu ba ni, ba ki ce min ranar da kika sauka suka miƙo miki kofi cike da ƙanƙara ba? Ga shi har yau gwiwoyinki da wuyan hannunki suna gaya miki duk lokacin da za a yi ruwa.

Saboda haka roƙonki nake yi. In Litinin ta zo likita ta ce a'a, ki je mata. An ce daga wajenku awa huɗu ne a mota. Na san ƙarshen shekara ne, shago ya cika da kaya, na san maigidanki zai yi ta ƙunƙuni. Ki ce masa yayarki ce ta roƙa, wadda ba ta taɓa roƙonsa komai ba. Sati uku ne, in ba zai yiwu ba ko biyu. Ki sa mata safa ko tana gumi, kada ta taɓa ruwan sanyi, kada ta ɗauki abin da ya fi jaririn nauyi. Miyar sau uku a rana, da naman sa, ki fara soya ganyen da man riɗi, ban da albasa mai lawashi. Za ta ce ta gaji da ita, kada ki saurare ta.

Ganyen ma na riga na saya. Tun watan jiya na je Gijang can bakin teku da kaina na zaɓo na masu jego, dogon nan, ya kusa kai min ƙirji in na tsayar da shi. Ban yi ciniki ba, yadda matar ta faɗa haka na miƙa, kuma ban bari ta naɗe shi ba, haka na rungumo shi a jirgin ƙasa mutane na kaucewa. Kin san ba a karya na mai ciki, innarmu ta ce haihuwa ke yin wuya. Ɗazu baban Bo-ram ya ce in dai ana so ya isa kafin ta sauka, to gobe Juma'a ne ƙarshen aikawa, ba za a jira Litinin ba, wai a karya shi biyu ya shiga kwali. Na ce ya karya ya ga yadda zan yi da shi. Ya ce camfi ne, na ce camfin ne ya haifo masa 'yar lafiya. Muka yi ta yi har ya ɗauki hularsa ya ce zai je ya nemo dogon kwali wajen masu sayar da labule, in ya so in zaɓa: ko in aika miki shi gobe, ko in riƙe shi in yi caca da Litinin. In na riƙe kuma aka hana ni, ba ni ba ganye. In na aika, to kamar na sallama ke nan, hannuna bai ko gama magana ba. Tun da ya fita nake kallon ganyen nan a jingine da bango.

Ki gaishe min da maigidanki, da Seung-min da matarsa, da autarki Na-yeon, ki ce mata na ga hoton gashin nan da ta rina, Allah ya shirya. Matar Yaya Pil-gu tana gaishe ki. Maman Tae-ho ma kullum sai ta ajiye min tuwon kabewa a bakin ƙofa ta gudu, ta kasa haɗa ido da ni, ni kuwa ban riƙe ta ba, ni na miƙa hannun.

Ki ba ni amsa da kin tashi, ko kalma ɗaya ce. Ki turo min adireshin shagon da haruffan mutanen can yadda zan kwafa, don ni in na rubuta... tsaya, ana buga ƙofa. Da ƙafa ake bugawa, shi ne, hannuwansa a cike ke nan, ya samo kwalin. Mal-sun, ki turo adireshin kawai. Ina zuwa, mutumin nan zai ɓalla min ƙofa.

Yayarki,
Ok-bun