Taku Dubu Goma Sha Huɗu

Ɗiyata Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta shagon ɗinki, takardarki ta iso. Kin ce tun da likita ya ce jininki ya hau, sai kin rage ƙiba, kika daina cin abincin safe da na rana. Kash! Kin faɗa ruɗun da mutane da yawa ke faɗawa, suna zaton horon ciki da yunwa shi ne rage ƙiba. Shekara ashirin ina koyar da kimiyyar lafiya, kullum ina gaya wa ɗalibaina: wanda ya wuni da yunwa, da yamma kwano biyu zai share. Ki ci sau uku, amma ki rage shinkafa, ki cika rabin faranti da ganye, ki rabu da lemon kwalba. Sannan ki riƙa tashi daga kan keken ɗinkin nan kina taka ƙasa.

Agogon ƙirga taku da kika aiko min ya yi kyau. Tun da kina da irinsa, mu riƙa aika wa juna abin da ya nuna. Tare za mu yi, ni ma ai kin san ba siririya ba ce.

Allah ya ƙara lafiya.
Gwaggonki

Gwaggona,

Ina gaishe ki, ina gaida Kawu. Wata biyu ke nan, kilo uku sun kama gabansu. Har na rage wa siket ɗina inci biyu, yau dai tela ta yi wa kanta aiki. Mai shagon kusa da ni kullum sai ta tsokane ni: "Auta, wai me kika yar a hanya ne da kike fita nemansa kowace safiya?"

Amma Gwaggo, kin ƙure ni. Ni da kyar nake kai dubu shida, ke kuwa kullum dubu goma sha huɗu, ga shekaru, ga aikin makaranta! Kunya ta ishe ni. Yanzu nakan hau benen kasuwa in sauko sau goma kafin in buɗe shago, da yamma kuma in ɗan taɓa gudu. Sai na kamo ki.

Ki huta lafiya.
Autarki

Gwaggo,

Gaisuwa a taƙaice, daga kan gado nake rubutu. Gwiwata ta yi mako tana kumburi ina daurewa, ranar Talata ta sare min a kan bene, na gangaro matakala biyar. Likita ya ce wata guda ba shago, ba taka keke. Kayan makarantar yara da na karɓa duk na mayar wa iyayensu, wasu ko sannu ba su ce min ba.

Ki yafe min, na ba ki kunya. Ban ga amsar takardata ta baya ba. Ko na yi wani laifi ne?

Autarki

Auta,

Sannu, sannu da jiki. Sau uku ina fara wannan takarda ina yagawa.

Dubu goma sha huɗun nan ba nawa ba ne. Na Kawunki ne.

Kwana huɗu kacal na yi ina fita. Rana ta biyar na fake da takardun jarrabawa, na wuni a kujera da kofin shayi da burodi. Da yamma agogo ya nuna ɗari takwas. Na kasa rubuta miki wannan, ni da na cika miki takarda da wa'azi. Sai na ɗaura wa Kawunki agogon, kin san aikinsa bin gida-gida ne yana karanta mitar ruwa. Ya ce, "Malama, wannan ai satar amsa ce, ke da kike korar 'ya'yan mutane daga aji a kanta." Na ce masa na mako ɗaya ne.

Ba wannan ne ya fi ci min rai ba. Da kika rubuto zancen bene da gudu, na san mai nauyin jiki ba ya farawa da haka, da bakina nake koyar da shi. Na ɗauki biro zan hana ki, na ga in na hana ki dole in faɗi gaskiya. Sai na ajiye biron. Na zaɓi mutuncina a kan gwiwarki.

Abin da na gaya miki game da abinci gaskiya ne, kada ki watsar da shi saboda halina. Dubu shidanki ma sun wadatar, da su kika sauke kilo ukun. Ba ke za ki nemi gafara ba, ni ce. In kin ƙi amsa min, ban ga laifinki ba.

Gwaggonki

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na yi kuka, na yi fushi. Can kuma na hango Kawu da agogon mata ruwan hoda a hannu yana ƙwanƙwasa ƙofofin mutane, dariya ta kusa jefo ni daga gado. Fushin dai bai gama sauka ba, ba zan ɓoye miki ba.

Jiya na yi taku ɗari biyu da goma sha ɗaya, ina kai da kawo tsakanin gado da bakin ƙofa, da sanda. Ba yawa, amma ƙafata ce ta yi su.

Ki kwance agogon daga hannun Kawu. Gobe da safe ki fita ki gwada da taki ƙafar. Ko nawa ya nuna, shi nake so ki aiko min.

Auta