Ba Za Mu Nemi Afuwa Kan Binne 'Yarmu Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Biza,
Ofishin Jakadancin ƙasar da 'yata take kwance a cikinta,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka da girmamawar da ta dace da muƙaminka, tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Da gangan na ƙi ambaton sunan ƙasarka. Mutanenta ne suka wanke mini 'ya, suka yi mata sutura, suka sallace ta, kuma ba zan jawo musu zagi kan wata doka da ba su suka rubuta ba. Sau uku ina rubuto maka a rufe, ban ga amsa ba. Wannan ta huɗu a buɗe take.

Ni ne mahaifin marigayiya Asma'u, mijin Hajiya Rabi. Shekara talatin da biyu na yi a aikin gwamnati, mafi yawansu ina tsara ƙa'idoji da karanta su, don haka ba jahilcin doka ya sa ni magana ba.

Na ɗaya. Asma'u ta shiga ƙasarku neman maganin sankarar jini, tana da shekara ashirin da huɗu. Ofishinka ya ba ta bizar mara lafiya, ya ba mahaifiyarta bizar mai jinya, wadda ke rataye da tata. Ni zan bi su daga baya. Kafin in gama shiri annobar korona ta sa aka rufe filayen jirgi, naku da namu. Tun bizarsu ba ta ƙare ba Hajiya ta nemi ƙarin wa'adi, hukumar shige da ficenku ta ƙara musu wata shida a rubuce. Takardar tana gabana yanzu da nake rubutun nan.

Na biyu. Ranar wata Alhamis da hantsi Allah Ya karɓi abinSa. Asibiti ya ba Hajiya zaɓi biyu: a ajiye gawar a ɗakin sanyi har ranar da jirage za su dawo tashi, ko a binne ta a can. Ta kira ni ina zaune ni kaɗai a gidanmu na Garki, gari a kulle, ko maƙwabcina Baba Yohanna ta saman katanga ya yi mini gaisuwa. Ban yi dogon tunani ba, na ce a kai ta makwancinta kafin rana ta faɗi. Mu ba ma sa mamaci jiran jirgi. Hajiya ta kai rahoton rasuwar a ranar, domin sai da shi ake ba da izinin binnewa. A al'adarmu mace ba ta raka gawa maƙabarta, amma a ranar babu uba, babu wa, babu kawu, sai ita ta bi bayan maza huɗu da ba ta taɓa gani ba, ta tsaya har aka mayar da ƙasa.

Na uku, kuma nan ne matsalar take. Ashe a dokarku, da zarar an rubuta rasuwar mara lafiya, bizar mai jinya ta mutu tare da shi. Babu wanda ya faɗa mata. Ba a rubuta haka a takardar ƙarin wa'adin ba. Na karanta ta layi-layi, gaba da baya. Ofishin shige da fice a kulle yake a lokacin, wayarsu ba a ɗauka. Ko da an faɗa mata, ina za ta je, ta wace ƙofa? Kwana sittin da uku ta yi a ɗakin haya ɗaya da jakar kayan 'yarta, har aka samu jirgin kwaso 'yan ƙasarmu. A filin jirgi aka ƙirga waɗannan kwanakin a matsayin zaman ƙetare doka, aka buga mata hatimin hana shiga na shekara goma.

Da duniya ta lafa muka nemi biza mu biyu, ba don komai ba sai mu tsaya kan kabarin mu yi addu'a mu dawo. Aka ba ni, aka hana ta. Na tambayi ma'aikacinka na taga ta uku dalili, ya yi mini bayani cikin ladabi, ba ni da ƙorafi a kansa. Ya ce da an bar gawar a ɗakin sanyi, da Hajiya ta koma matsayin mai rakiyar gawa, izininta ya ci gaba har ranar tafiya. Na roƙe shi ya maimaita, ya maimaita. Ranka ya daɗe, ka duba abin da wannan ke nufi. Da mun bar Asma'u wata biyu a cikin firji, da mahaifiyarta mai bin doka ce. Saboda mun binne ta a ranar da ta rasu, ta zama mai laifi.

Na huɗu. Ofishinka ya ba mu wata takarda. Idan Hajiya ta sa hannu cewa ta zauna a ƙasarku ba bisa ƙa'ida ba, kuma tana neman afuwa, za a duba yiwuwar ɗage hanin. Masu son mu da yawa sun ce mu sa hannu a wuce wurin. Har mai gadin ƙofarku ya ja ni gefe ya ce, "Oga, ka sa mama ta sa hannu kawai, kowa haka yana yi." Na kai mata takardar, na fassara mata kalma-kalma, ban ƙara nawa ba. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, idan na sa hannu, na yarda ke nan binne ta da muka yi kuskure ne. Ka mayar musu." Ra'ayina ke nan ni ma, amma na fi so ya fito daga bakinta.

Ana iya cewa in tafi ni kaɗai, tunda an ba ni. Ban san inda kabarin yake ba. A makonnin da ta rasu an yi ta binne mutane da yawa, rajistar maƙabartar ɓangaren da kabarin yake kawai ta nuna, mu kuma ba ma gina kabari ko kafa masa allo. Hajiya ce kaɗai ta san wurin. Ta ɗora wani dutse a kan kabarin da hannunta, ta ƙirga takunta daga bakin ƙofar maƙabartar, kuma har yau tana maimaita lissafin don kada ya ɓace mata. Shekararta sittin da ɗaya, ga ciwon suga. Ka ɗora sauran shekarun hanin a kai, ka ga inda lissafin zai tsaya.

Buƙatuna su ne: a soke hatimin nan domin an buga shi bisa kuskure, ba a matsayin alfarma ba. A ba Hajiya Rabi bizar mako ɗaya. Sannan ka rubuta wa hukumarku ta sanya wannan sharaɗi ƙarara a kan kowace bizar mai jinya, don kada wata uwa ta gano shi a filin jirgi.

Ina roƙon Allah Ya ba ka lafiya da adalci, Ya raya maka 'ya'yanka, kada Ya nuna maka ranar da za ka ba da izinin binne ɗayansu ta waya.

Haɗe da wannan wasiƙa na mayar maka da takardar neman afuwar, babu sa hannu. Na haɗa da fasfona, bizar da kuka ba ni tana ciki ban taɓa ta ba. Ranar da kuka shirya ba mu biza tare, sai ka aiko a kira mu. Muna nan Garki.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Mahaifin Asma'u,
Garki, Abuja.