Kofin da Na Ɗauke

Zuwa ga ƙanwata Nawal,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara. Wasiƙunki uku sun iso. Rubutunki dai bai gyaru ba tun muna firamare.

Kina roƙona in koma gaban kwamitin bincike in wanke mijinki. To, bari in gaya miki abin da shi Midhat ɗin ma bai sani ba.

A hasumiyarmu ta filin jirgi, doka ta ce idan jirgi yana tsaye a kan titin tashi, a ajiye jan kati a gaban mai ba da izini. Katin ya ɓace shekara tara da suka wuce, sai muka koma kife kofin shayi a madadinsa. Bai taɓa ba mu kunya ba.

Ran nan da safe manya za su zo duba aiki, shugaba ya ce kada ya ga tarkace. Kin san ni da son yabo. Na kwashe kofunan kaf, har da wanda abokin aikinmu ya kife kafin ya bar wa Midhat kujera. Hazon kogi ya rufe tagogi. Mijinki ya duba tebur, ya ga wayam, ya sallami jirgin kaya. Ƙaramin jirgi kuwa yana tsaye a kan titin da mutum shida a ciki. Ina ɗauraye kofuna na ji ƙarar karonsu.

A gaban kwamiti Midhat ya yi ta maganar kofi, bawan Allah, kamar za su gane. Da aka tambaye ni na ce, "Kofi kuma, ranka ya daɗe? Hasumiya muke ko gidan shayi?" Har magatakarda sai da ya yi dariya.

Midhat ya dube ni ya ce, "Yaya Safwat, kai fa ka koya mini."

Mutumin kirki ne. Amma na karanta tarihi da dama, ban ga inda kirki ya fitar da wani daga irin wannan ɗaki ba.

Ranar Lahadi za su yanke hukunci, ɗayanmu zai tafi kurkuku. Ga shaida nan a hannunki, har da sa hannuna. Ki kai musu in kina so. Sai dai ke za ki zauna a gaban Mama ki gaya mata, ita da ɗa namiji ɗaya ta haifa.

Ki shafa mini kan yara.

Yayanki mai ƙaunarki,
Safwat