Abin da Sani ya rubuta wa attajiri

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam da yara. Yaya ƙafar taki, ta yi sauƙi? Mu nan Jarwal a Makka sai godiya.

Maganar ɗanki Sani ce. Ranar Juma'a ya zo daga Jidda da sabuwar algaitar Turawa, irin wadda suke busa jaz da ita. Wai wani attajiri ne ya saya masa, ya kuma kama musu gida shi da abokan kiɗansa. Har takarda ya raba musu, kowa ya rubuta burinsa. Mai ganga ya rubuta mota. Sani ya rubuta a kawo ki Umra.

Na ce masa, "A gida attajiri yana yi wa makaɗi riga ne don a wasa shi. Ku kiɗanku ba baki, ba a kiran sunan kowa. To me zai samu?"

Ya yi dariya ya ce, "Inna, son kiɗa ne kawai."

Sai da zai tafi ya ce mutumin yana so igamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar nan, ta koma hannunsa, ya zama kafilinsa, mai iko da zamansa da aikinsa. Yaya, jikina bai ba ni ba. Attajirin ya nemi sanin abin da yaron nan ya fi so, shi kuwa ya miƙa masa sunanki.

In an kira ki a kan fasfo, kada ki bayar sai mun yi magana. Ki gaida Ladidi, ki sa Sani a addu'a. Na fi kowa son ganinki a Harami, amma ba da wuyan ɗanki a hannun wani ba.

Ƙanwarki,
Binta