Shayin da Ake Ba Gado Na Tara

Daga:
Matar Tela, mai jinyar gado na tara,
Ɗakin Maza na Tiyata, hawa na biyu.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Asibiti,
Ta hannun Sakataren Gudanarwa.

Talata, 14 ga Mayu, 2024.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ABINCIN DA AKE BA MAI CIWON SUKARI A ƊAKIN MAZA NA TIYATA, DA HANA IYALINSA KAWO MASA WANDA YA DACE

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, irin wadda muka zo nema a gidanka.

Ni ce matar mutumin da ke kwance a gado na tara. Tela ne. Sama da shekara talatin yana taka keken ɗinki, kuma da ƙafar nan tasa ta dama ya ciyar da mu, ya tufatar da mu, ya sa yaranmu a makaranta. Shekara shida ke nan da aka gano yana da ciwon sukari nau'i na biyu, a nan asibitin aka gano. Ranar Litinin, 22 ga Afrilu, aka kwantar da shi saboda fil ya soke shi a babban yatsan ƙafar dama a shago, bai ji ba sai da wurin ya ruru. Tun ranar farko likita ya shaida mana cewa gyambon ba zai warke ba sai sukari ya sauka ya zauna. Na ƙi rubuto maka tun tuni don kada a ce mace ta cika ƙorafi, amma tura ta kai bango. Ga abubuwan da nake kuka da su.

1. Ina so a fara sanin cewa duk abin da na sani game da cimar mai wannan ciwo, asibitinka ne ya koya mini. A hawa na uku akwai malamar abinci, wadda marasa lafiya ke kira Anti Faranti saboda farantin roba mai gida uku da ba ta rabo da shi. Ita ta zaunar da mu ta ce rabin faranti ganye ne, irin su kabeji da alayyahu da kokwamba. Kashi ɗaya na kifi ne ko ƙwai ko wake ko kaza. Ɗan gidan da ya rage shi ne na shinkafa ko dankali ko taliya, kuma kada ya wuce dunƙulen hannu. Ta ce lemo a ɓare shi a ci da totuwarsa, kada a sha na kwali. Ta ce farin burodi da shayi mai sukari a yi musu bankwana. Na koma gida na juya kicin ɗina kaf. Gidan gaba ɗaya muka koma cin abin da yake ci, don kada ya riƙa jin ƙanshin abin da aka hana shi. Ba da daɗi aka yi ba. Maigidana mutum ne mai son zaƙi, har laluben aljihunsa nake yi in ya dawo daga shago, shi ya sa ya raɗa mini suna Kwastan. Amma ya bi doka, kuma shekara shidan nan da ƙwaya ɗaya da farantin nan muka riƙe ciwon. Duk zuwan da muka yi awo, sai an yaba masa.

2. Washegarin kwantar da shi na zo da kula: wake da alayyahu, gasasshen kifi, da shayi ba sukari a fulas. Maigadin ƙofar ɗakin ya tare ni, ya nuna mini sanarwa mai ɗauke da hatimin ofishinka, wadda ta haramta shigo da abinci daga waje. Dalilin da aka rubuta shi ne don kowane majinyaci ya ci abin da ya dace da ciwonsa a ƙarƙashin kulawar masana. Ranka ya daɗe, ban yi musu ba. Har daɗi na ji, na ce ashe an hutar da ni. Na zauna a bencin waje na raba abincin da wata baiwar Allah mai jinyar ɗanta.

3. Kwanaki suka yi ta tafiya sukari na hawa. Aka cire shi daga ƙwaya aka mayar da shi kan allura, aka ƙara allurar, aka sake ƙarawa. Ranar Talata, 30 ga Afrilu, babban likita ya zo zagaye da ɗalibansa, ya sa aka kira ni. A gaban yaran nan sa'annin 'ya'yana, da sauran majinyata da suka kasa kunne, ya ce ya san halin matan da ke kashe mazajensu da tausayi, masu ɓoyo alewa da lemon kwalba a jaka. Ya ce in ina son mijina ya fita da ƙafarsa, in daina. Ɗalibai suka rubuta. Ni kuwa ban taɓa tsammanin za a wayi gari a shafa mini wannan kashin kaji ba. Na yi kuka a bayan gida na mata, na wanke fuska, na dawo na yi wa maigidana murmushi.

4. Masu jinya sai da la'asar ake barinmu mu shiga, saboda haka ban taɓa ganin abin da ake ba shi ba. Ranar Alhamis, 2 ga Mayu, wata nas ta yi mini alfarma na shiga da hantsi don in kai masa wankakkun kaya. Na ɗauki kofinsa a kan loka zan ɗauraye, sai na ga kiyashi sun yi layi tun daga ƙafar lokar har cikin kofin. Kiyashi ba ya bin shayi tsura. Na ɗanɗana ɗan abin da ya rage a gindin kofin, zaƙi ya kama mini harshe kamar an narka alewa.

Na tambayi maigidana, ya gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Kullum da safe kofi ne cike da shayi mai madarar gwangwani, da farin burodi yanka huɗu. Da rana farar shinkafa tuli guda da ɗan jan miya a kai, da lemon kwali. Da yamma taliya. Ganye kuwa, sai wanda yake hange ta taga. Na ce masa, kai da ka shekara shida ba ka sha sukari ba, me ya kai ka? Ya dube ni da mamaki. Ya ce ai asibiti ne ya ba shi, kuma asibiti ba ya ba mutum abin da zai cuce shi. Shi a zatonsa likitoci ne suka sassauta masa don jikinsa ya yi ƙarfin warkewa, kuma yana shanyewa tas ne kamar yadda yake haɗiye magani. Har ya ce bai gaya mini ba don kada Kwastan ta shiga tsakaninsa da likitoci. Wannan mutum da a wurin taron 'yan'uwa yake ture kwalbar lemo ana yi masa dariya, yarda da ku ce ta sa ya sha. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai.

5. An ce mini ai kwanonsa na musamman ne, tunda jan murfi gare shi. Na binciki jan murfin nan. Duk wanda likita ya rubuta wa abinci na musamman, mai hawan jini ne, mai ciwon ƙoda ne, mai sukari ne, abu ɗaya ake zuba musu: abincin kowa, an cire gishiri da nama. Wato an ɗauke masa abin da ya halatta gare shi, an bar masa abin da aka hana shi. Ba cinya ba, ƙafar baya. Matar da ke tura keken rabon abinci kuma, ganin kwanon ba nama, sai tausayi ya sa take ƙara masa shinkafa da burodi, musamman da yake ya taɓa ɗinke mata igiyar rigar aikinta da ta tsinke. Ina roƙo kada a taɓa wannan mata. Da zuciya ɗaya ta yi, kuma babu wanda ya taɓa nuna mata farantin da ke hawa na uku.

6. Daga ranar na shiga yawon ofis-ofis. Shugabar nas-nas ta ɗakin ta ce aikinta magani ne da allura, kicin ba huruminta ba ne. Na sauka kicin na sami ɗan kwangilar da ke dafa abinci. Na roƙe shi abu ɗaya tak, a ɗebi na gado na tara kafin a zuba sukari. Ya ce ba zai yiwu ba, domin a tukunya ake zuba sukari tun ruwa na kan wuta. Dalilinsa shi ne, a da can da ake raba sukari daban, ma'aikata na ƙullewa su kai gida, shi ya sa yanzu yake juye buhun a gaban idonsa. Ranka ya daɗe, ashe don a tsare sukari daga ɓarayi ake ɗura wa mijina shi. Na hau wurin Anti Faranti. Ta dafe kai, ta ce ta sha rubutawa, amma ita koyarwa aka ɗauke ta yi, ko ƙofar kicin ba a barin ta ta shiga. Na zo ofishinka ranar 6 da ranar 8 ga Mayu. Ranar farko an ce kana taro, ta biyu an ce in rubuto.

Babban likita kuma na tare shi a baranda na gaya masa abin da na gani. Ya ce zai duba. Bai ce in yi haƙuri da maganar da ya yaɓa mini ba, kuma ɗalibansa har yau da ita suke kallona.

7. Tun da maigidana ya gane, ya daina shan shayin, shinkafar ma sai ya ɗan taɓa ya rufe. Amma allurar da aka auna da wancan cin ba a rage ta nan da nan ba. Ranar Asabar, 4 ga Mayu, sukari ya faɗi warwas, aka same shi yana zufa yana karkarwa, ba ya gane mutane. Aka farfaɗo da shi, sannan aka yi masa faɗa cewa yana ƙin abinci. In ya ci laifi, in ya bari laifi. Ni ban san ta inda ake so ya bi ba.

Ranar Alhamis, 9 ga Mayu, aka yanke babban yatsan. Muna kukan targaɗe, sai ga karaya. Ban ce shayi kaɗai ya ci yatsan nan ba, domin ni ba likita ba ce, kuma na san rai da lafiya na Allah ne. Amma na ji da kunnena an ce gyambo ba ya warkewa cikin sukari, kuma na ga da idona inda sukarin ke fitowa. Jiya likitan tiyata ya shaida mana cewa ranar Litinin, 20 ga Mayu, za su sake buɗe wurin. In ya kama warkewa, shi ke nan. In bai kama ba, daga idon sawu za su cire.

Don kada a ce na ɓoye wani abu, ina sanar da kai cewa tun ranar 5 ga Mayu nake karya dokarka. Kullum da la'asar ina shigo da dafaffen ƙwai da kokwamba da ɗan wake a leda, ɗaure a ƙugu, yana ci a bayan labule kamar wanda ya yi sata. Kwastan ta koma 'yar fasa-ƙwauri. Sau ɗaya ne a yini, kuma ba ya isa.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, nake roƙon waɗannan abubuwa:

Na farko, a ba ni izini a rubuce, tun yau ba gobe ba, in riƙa kawo wa gado na tara abinci sau uku a rana. Na yarda malamar abinci ta buɗe kular ta duba kowane lokaci, ta ɗanɗana ma in ta ga dama.

Na biyu, a daina zuba sukari a tukunya. In ana tsoron ɓarayi, a nemo kwaɗo a rufe buhun.

Na uku, a buɗe wa malamar abinci ƙofar kicin, a raba jan murfin nan gida-gida, kowane ciwo da nasa. Ba mijina kaɗai ba ne. Gado na huɗu da na goma sha biyu su ma masu sukari ne, kuma na gado na huɗu dattijo ne da ba mai zuwa duba shi, har yau yana shanye kofinsa yana godiya.

Na huɗu, a gaya wa ɗaliban nan cewa ba ni ba ce.

Ban nemi a kori kowa ba, ban nemi a biya mu komai ba. Yatsa ya riga ya tafi, ba takardar da za ta dawo da shi. Ƙafar nake roƙo.

Jiya da la'asar, bayan likita ya fita, maigidana ya daɗe yana kallon bandejin. Sannan ya ce in na koma gida in aika wa makanikin keken ɗinki, a tambaye shi ko kekensa zai karɓi mariƙin da ake juyawa da hannu. Bai ɗaga murya ba, kamar mai aiken a sayo masa zare. Na ce masa to. Ban aika ba, ranka ya daɗe. Na rufe keken da zane, na zuba wa matakin mai, ina jiran amsarka kafin Litinin.

Ka huta lafiya. Allah ya ƙara girma, ya sa kada ka taɓa kwanciya a hawa na biyu.

Taka cikin girmamawa,

Matar Tela,
Mai jinyar gado na tara.

Kwafi zuwa ga:
Shugabar nas-nas, Ɗakin Maza na Tiyata.
Malamar abinci, hawa na uku.