Rasuwar Malam Sannu-Sannu a Hannun 'Yan Sanda

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Masu Yanka Makulli da Gyaran Kwaɗo take sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar babban malaminta kuma Shugaban Dattawanta, mai girma Alhajinmu da kowa ya sani da Malam Sannu-Sannu, wanda rai ya yi wa halinsa ranar Laraba, kwana huɗu bayan 'yan sanda sun tafi da shi daga rumfarsa.

Shekara talatin da ɗaya marigayi ya yi a layinmu bai taɓa fasa kwaɗo ba. Kunne yake karawa, ya zura siririyar waya, sai ka ga kwaɗo ya buɗe. Mu masu sababbin injuna muna zaune muna korar ƙuda, jama'a na cincirindo a gaban tsohon teburinsa. Muna yaba masa a baki, amma Allah ya sani abin yana cinmu a rai, musamman ni da rumfata ke jikin tasa.

An kama shi ne saboda wani shago da aka kwashe, kwaɗon kuma ko ƙwarzane babu. Dattawanmu da suka yi masa wanka sun ga yatsunsa uku a karye, ga shatin igiya a wuyan hannu, ga tafin ƙafa a kumbure, alhali takardar da aka ba iyalinsa zazzaɓi ta ce. Ƙungiya ba ta yarda ba, kuma tana neman a yi bincike. Marigayi ba ɓarawo ba ne. Washegarin jana'izarsa aka gano ƙanin mai shagon ne ya buɗe da makullin yayansa.

Allah ya jiƙansa, ya ba Hajiya uwargidansa da 'ya'yansa mata biyar haƙuri da dangana.

Hajiya, saura magana ɗaya da ban iya faɗa a zaman makoki ba. A ƙa'idar sana'armu, ba a nuna wa baƙo rumfar ɗan'uwa. Ranar da 'yan sanda suka zo suna tambayar wanda zai iya buɗe irin wannan kwaɗo, kowa ya sunkuyar da kai. Ni na nuna musu rumfar marigayi da baki, har da ɗan murmushina. Da za su sa shi a mota, ni ya waiwayo ya miƙa wa makullin rumfarsa, ya ce in kular masa da ita kafin ya dawo.

Sa hannu:
Maƙwabcin marigayi,
Sakataren Yaɗa Labarai mai barin gado